Tambayoyi Arba'in na Hedimasta

Mijin ƙanwata ba ya fita daga gida sai da jan biro a aljihun gaba. Ko gishiri zai sayo a shagon ƙasan bene, biron nan yana maƙale a ƙirjinsa. Kafin mu baro gida shekara goma sha shida ya yi yana shugabantar makarantar firamare, shi ya sa har yau ba mai kiran sa da sunan yanka, sai Hedimasta. A ƙasar nan ta waje da muka zo kuwa takardunsa ba su yi masa rana ba. Aikin da ya samu shi ne ninke zannuwan gado a ɗakin wanki na wani babban asibiti, can ƙarƙashin ƙasa inda injuna ke ruri, daga biyar na asuba zuwa ɗaya na rana. Abokan aikinsa sun ce in wani ya ninke zani a karkace, Hedimasta ba ya magana, warwarewa yake yi ya sake ninkewa a gaban mutum. Ni dai na sha gaya masa cewa ranar da zai mutu sai ya duba likkafaninsa ya ba maɗinki maki.

'Yarsu ɗaya ce. Bakwaini aka haife ta, 'yar mitsitsiya, sai muka sa mata Ɗigo, sunan ya bi ta har ta shekara goma sha ɗaya. Shekara tara suna jira kafin su same ta, bayanta kuma Allah bai ƙara ba su ba. Kada wanda ya ji abin da zan faɗa ya ɗauka mutumin nan mugu ne. Bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan hannu ba, ni shaida ce. Shi ke goge mata takalmin makaranta, shi ke fere mata fensir da reza, guda shida, ya jera su a kan tebur tsawonsu ɗaya. Son da yake mata ne ya yi yawa, kuma hanya ɗaya ya sani ta nuna shi: ya yi tambaya, ta ba da amsa, ya ɗora jan biro.

Akwai wani tsoro da duk baƙo mai ɗa a ƙasar nan yake kwana yake tashi da shi. Hukuma tana da ofishin kula da yara, kuma in ofishin nan ya ga gidanka bai yi masa ba, yana iya ɗauke maka ɗa da rana tsaka, kana ji kana gani. Ba jita-jita ba ce. Mai Tasi, maƙwabcinsu na hawa na huɗu, wata bakwai ya yi yana ganin ɗansa sau ɗaya a mako, a wani ɗaki mai kujerun roba, da wata mata zaune a gefe tana rubutu. Yaron ya dawo, amma tun daga lokacin Mai Tasi ko tari ba ya yi da ƙarfi a gidansa. Mu duka mun ga gemunsa ya kama wuta, mun shafa wa namu ruwa. Hedimasta ne kaɗai yake ganin nasa ba ya kamawa, tunda shi malami ne.

Ni kuma a makarantar su Ɗigo nake aiki, a ɗakin cin abinci. In ɗaura farin ƙyalle a ka, in zuba wa yara abinci a faranti, in sun tashi in goge tebura. Shekara takwas ke nan. Ba ni da ilimin Hedimasta, amma na san makarantar nan ciki da bai.

A shekarar ƙarshe ta firamare akwai babbar jarrabawa da duk yaran ƙasar ke rubutawa rana ɗaya. Takarda ce mai ƙananan da'irori, yaro ya cike wadda yake ganin ita ce amsa, na'ura ta duba. Da ita ake raba yara zuwa sakandare. Ba abin da Hedimasta yake ƙauna a ƙasar nan kamar jarrabawar nan. Cewa yake na'ura ba ta san launin fata ba, ba ta jin lafazin bakinka, ba ta san ɗan wane ba. A nan na ba shi gaskiya, don ni ma na ga irin kallon da ake mana a wasu ofisoshi. Wata shida ya yi yana shirya Ɗigo. Ta rubuta ranar Laraba, ta fito tana murmushi, ya saya mata jan takalmi.

Abin da ya biyo baya ne ya kasa haɗiyewa. Bayan jarrabawa saura mako biyar a rufe makaranta, kuma a makonnin nan ba a buɗe littafin lissafi. Yara su shuka wake a kwalba su jera a taga. A kai su bakin tafki su zana agwagi. A ja labule a nuna musu fim. A ba su takarda kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa abin da zai riƙa tunawa da shi. Malamarsu, wata doguwar mata mai zuwa aiki a keke, takan ce a makonnin nan ne take sanin yara, su ma su san juna kafin a watse. Ɗigo ta samu kwana biyu a ciki, Alhamis da Juma'a, ta shuka wakenta ta rubuta sunanta a jikin kwalbar.

Ranar Asabar da la'asar aka yi ta a falon ƙanwata. Mai Tasi yana nan, da wata nas da muke kira Sista, wadda 'ya'yanta uku suka bi ta makarantar.

"Wake!" in ji Hedimasta, yana kaɗa takardar da makaranta ta aiko. "Na baro gida da yarinya don a koya mata shuka wake a kwalba? Wa ya fi mu sanin wake?"

Sista ta ce, "Haba Malam, yaro ba jaki ba ne. Sun yi wata shida suna cike da'ira, a bar su su sha iska mana. Nawa ukun haka suka yi, ga su nan sun zama mutane."

"Kwana ashirin da biyar ne na karatu, Sista. Awa shida-shida, awa ɗari da hamsin ke nan. A makarantata ko ranar ƙarshe ta shekara sai an yi lissafi kafin a share aji. Yaransu su yi ta wasa, iyayensu ke da ƙasar. Namu in bai fi nasu sau biyu ba, zanin gado zai ƙare yana ninkewa kamar ubansa."

Ba kasafai yake ambaton aikinsa ba. Mai Tasi ya juya kofin shayinsa a hannu ya ce a hankali, "Ni ma ina ganin ɓata lokaci ne. Amma ka tura ta. Ko barci za ta je ta yi a ajin, ka tura ta. Mutanen nan suna ƙirga kwanaki."

"Ni ma ina ƙirgawa," in ji Hedimasta.

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. In ka je gari ka ga kowa da jela, ka nemi tsumma ka ɗaura."

Ya ce, "Yaya, ke zuba abinci aka ɗauke ki yi, ki bar maganar ilimi ga masu shi."

Wasa ne irin wanda muka saba, amma ranar ya yi mini zafi, na ɗauki jakata na yi tafiyata. Da na san abin da ke tafe, da na zauna na ci gaba da yi masa tsiya har ya saduda.

Ranar Litinin kujerar Ɗigo ta wayi gari ba kowa. Hedimasta ya karɓi hutunsa na shekara gaba ɗaya, hutun da yake ta ajiyewa don ya je ya ga mahaifiyarsa, ya rubuta wa makaranta cewa yarinya ba ta da lafiya. Ya ture kujerun falo jikin bango, ya kawo teburin cin abinci tsakiya, ya sayo farin allo da littattafan ajin farko na sakandare. A bayan ƙofa ya kafa jadawali da ƙusa, daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma, da hutun minti goma sau uku. Tagar falon tana kallon titin da yara ke bi zuwa tafki, don haka ya ja labule ya maƙale shi da fil ɗin shanya kaya. Yana da wata doguwar rula ta katako tun daga gida. In Ɗigo ta kuskure amsa, tebur yake bugawa da ita, tas, ya ce, "Sake!"

Na tare ƙanwata a tashar bas, za ta gidan tsofaffin da take aiki. Na ce mata wannan abu ba zai haifar da ɗa mai ido ba. Ta ce, "Yaya, Malam ya fi ni sanin makaranta." Tun tana yarinya haka take, ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Sau da yawa ina jin kamar in kama ta in girgiza.

Wasiƙar farko ta zo a mako na biyu. Gaisuwa ce da fatan samun sauƙi, da roƙon a kawo takardar likita. Hedimasta ya karanta, ya gyara wani waƙafi da jan biro, ya tura ta ƙarƙashin talabijin.

A makon nan ne ni ma na zuba nawa gishirin a miyar. Ina goge tebur sai ga malamar ta zo da farantinta, ta ce, "Yaya jikin 'yar ƙanwarki?" Bakina ya riga kaina. Na ce, "Lafiyarta ƙalau." Ta tsaya da cokali a hannu tana kallona. Na yi ta kame-kame, na ce wato da sauƙi nake nufi, amma na ga maganar ta riga ta shige ta. Ta ci rabin abincin ta mayar da farantin, kuma ba ofishin malamai ta nufa ba, na shugaba ta shiga.

Wasiƙa ta biyu ba gaisuwa a cikinta. Ta ƙirga kwanakin da yarinya ba ta zo ba, ta ambaci doka da lambarta. Ita ma ta bi 'yar'uwarta ƙarƙashin talabijin. Ga kuma tsohon da ke hawan ƙasa da su, mai ɗan farin kare, wanda bai taɓa amsa gaisuwata ba. Wata rana ya tsayar da ni a matattakala ya nuna sama da sandarsa. Ya ce kullum daga safe har yamma yana jin ana dukan wani abu, yana jin murya ana tsawa, amma ya daina jin yarinyar tana gudu a kansa. Ya ce, "Da tana damuna da gudu. Ina take?" Na ce karatu take yi. Ya dube ni, ya ja karensa ya wuce.

Na hau na shiga. Rana tsaka ce amma falon da wuta a kunne, yana warin alƙalamin allo. Ɗigo ta tashi ta gaishe ni tana tsaye ƙyam, hannu a baya, abin da ba ta taɓa yi mini ba, ita da kan ɗane mini wuya. Ta cinye faratanta har sun yi ja. Da ta sunkuya kan littafi na ga wani ɗan fili a gefen kanta, kamar faɗin kwabo, inda take murɗa gashi da yatsa tana tsigewa ba ta sani ba.

Na ce, "Hedimasta, ka dubi kan yarinyar nan kuwa?"

Ya ce, "Kanta nake cikawa. Tambaye ta komai a babi na huɗu ki ji."

"Ka buɗe labulen nan, ka mayar da ita makaranta gobe. Wallahi ruwa ba ya tsami banza. Tsohon ƙasa yana tambaya, malama tana tambaya."

"Saura mako biyu, Yaya. Mu gama littafin."

Ba su gama ba. Wasiƙa ta uku ba daga makaranta ta fito ba. Ambulan ce mai ruwan ƙasa, da tambarin ofishin kula da yara. Layi huɗu ne kacal: wata ma'aikaciya za ta zo gidan ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe goma na safe, tana so ta ga uba da uwa da yarinya. Ƙanwata ce ta kira ni tana kuka. Da na je na tarar da Hedimasta zaune a kan ƙaramar kujerar Ɗigo, takardar a kan gwiwarsa. Wannan karon bai ciro biro ba. Shekara ashirin da sanina da shi ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma duk haushinsa da nake ji sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Na ce masa abu ɗaya ne mafita. Ya mayar da ita makaranta, in matar ta zo ya ce ya yi kuskure, ya yi ƙarya a kan rashin lafiya, ba zai sake ba. Ya ji rabin maganar, ya mayar da ita makaranta washegari. Amma kalmar kuskure ba ta taɓa fita daga bakin Hedimasta a kan kansa ba, ya saba shi ke nuna ta a takardar wasu. A ranar da wasiƙar ta zo ya tashi ya hau hawa na huɗu, ya zauna da Mai Tasi har awa biyu, ya sa shi ya tuno duk tambayar da aka yi masa da matarsa da ɗansa a lokacin nasu. Ya sauko idonsa na ƙyalli.

Ya ce, "Yaya, ashe jarrabawa ce kawai. Kuma tambayoyinsu ba sa canzawa."

Kafin magariba ya rubuta tambayoyi arba'in da harshen ƙasar, kowace da amsarta a ƙasa, da kyakkyawan rubutun nan nasa. Ya yi kwafi uku, nasa da na matarsa da na 'yarsa. Me kike ci da safe? Ƙarfe nawa kike kwanciya? Me ya sa ba ki je makaranta ba? Me ake yi da rular nan? Babanki yana dukan ki? Kwana shida suka yi suna haddacewa, kullum da yamma. Kuma ba zan wanke kaina ba, ni ce na riƙa zama a matsayin matar ofis. In rataya jaka, in ƙwanƙwasa ƙofa, in shigo in zauna in ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, har Ɗigo ta yi dariya ranar farko. Raina bai kwanta da abin ba, amma ni ma tsoro ya cika ni, kuma na ga aƙalla yana ba su ƙarfin gwiwa. Ina tambaya, Hedimasta yana gefe yana ba da maki. Ranar farko Ɗigo ta ci talatin da ɗaya. Ranar Laraba ta ci arba'in cif, ya zagaye lambar da jan biro, ya shafa mata kai.

Alhamis ƙarfe goma daidai aka ƙwanƙwasa. Na zaci zan ga wata jibgegiya mai ɗaure fuska, sai ga 'yar gajeriyar mata mai furfura, da takalmi maras tsini da tsohuwar jaka. Muryarta a ƙasa take, har sai ka matso. An buɗe labule, an mayar da kujeru, an ɓoye allo a bayan kabad, amma tana shigowa idonta ya sauka a kan ramukan ƙusa huɗu a bayan ƙofa, inda jadawali yake da. Ta karɓi shayi ta gode, ba ta sha ba.

A kicin ta gana da su ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ya shiga, ya fito yana gyara wuyan riga. Ƙanwata ta shiga, ta fito tana share hannu a zani. Da aka zo kan Ɗigo, matar ta ce ina iya zama tare da ita, tunda ni innarta ce, amma kada in sa baki.

Ta nuna mata kujera, Ɗigo ta ƙi zama, ta tsaya hannu a baya.

"Me kike ci da safe?"

Amsa ta fito sumul, ba tuntuɓe.

"Me ya sa ba ki je makaranta ba?"

"Na yi fama da ciwon kai, kuma iyayena sun ga ya fi dacewa in huta a gida tare da yin ɗan bita."

Matar ta buɗe shafin baya na littafinta ta duba wani abu, ta dawo. Ta ce, "Babanki yana..."

"A'a, mahaifina bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Yana ƙaunata, kuma yana son ci gabana."

Ba ta ma bari an ƙarasa tambayar ba. Matar ta sake buɗe shafin baya, ta bi wani layi da yatsa, ta buɗe wani shafin ta bi wani layin. A nan na gane abin da take dubawa, amsar uban da ta uwar ce. Ta ajiye biro, ta rufe littafin, ta jingina da tebur.

Ta ce, "Jiya bayan an tashi na je ajinku. Malamarku ta nuna mini wakenki. Ya fi na kowa tsawo, yara ne suka riƙa ba shi ruwa da ba kya nan. Kin yi kewarsu?"

Ɗigo ta dubi ƙofar kicin, ta dube ni. Na yi mata murmushi iya ƙarfina. Hannunta ya tafi gefen kanta ya fara murɗa gashi. Idonta ya ciko. Tana so ta ce e, ina gani a fuskarta, amma ba ta san ko e ce daidai ba.

Can ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Wannan ba ta cikin arba'in ɗin."

"Wane arba'in, 'yata?"

Yarinya ce mai biyayya, haka aka rene ta, in babba ya tambaya a ba shi amsa. Kafin in motsa ta fita ta ɗauko jakar makarantarta, ta ciro takardar ta miƙa da hannu biyu. Matar ta karanta tun daga ta ɗaya har ta arba'in, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon jan makin da aka zagaye a sama. Sannan ta ce mu ba ta minti biyar, ta fita matattakala da wayarta.

Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yarinya za ta zauna a wani gidan har a gama bincike. Ta tambaye ni ko ina da ɗaki, na ce ina da shi. Ta ce da yake ina aiki a makaranta an riga an tantance ni, in ba haka ba da gidan mutanen da ba ta sani ba za a kai ta. Ƙanwata ta zube a ƙasa. Hedimasta ya ruga ɗaki ya kwaso takardun shaidarsa, da hoton makarantarsa ta gida, shi a tsakiya da yara ɗari huɗu, yana shimfiɗa su a kan tebur.

Ya ce, "Ni malami ne. Ki duba. Wallahi ban taɓa dukan ta ba."

Ta ce, "Na ji. Haka ka ce, haka matarka ta ce, haka 'yarka ta ce, ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Mai yiwuwa gaskiya ce. Amma yanzu ta yaya zan sani?"

Garin neman ƙiba aka samo rama. Ni na haɗa mata kaya. Ta ɗauki jan takalmin, ta ɗauki fensiranta shida, ta tambaye ni ko ta ɗauki littafin babi na biyar. Na ce ta bar shi. Muna saukowa tsohon ƙasa ya buɗe ƙofarsa kaɗan ya sake rufewa.

Mako uku ke nan tana gidana. An rufe makaranta, malamar ta ba ni kwalbar waken na ajiye a tagar kicin. Hedimasta ya koma ninke zannuwa, hutunsa ya ƙare. An ba shi awa ɗaya duk Asabar, a ɗakin nan mai kujerun roba da Mai Tasi ya sha ba mu labari, da wata mata a gefe tana rubutu. Ba wanda ya gaya mana ranar da za a gama.

Asabar ɗin da ta wuce ya shigo da farar ambulan a hannu, kayansa sun sha guga, shi kuwa ya rame. Sakamakon babbar jarrabawa ne ya fito. Ɗigo ce ta ɗaya a makarantar, an ba ta sakandaren da yake mafarki tun tana goye. Ya durƙusa a gabanta ya buɗe takardar, yana nuna mata lambar da yatsa, yana ƙoƙarin yin dariya. Ta kalla sau ɗaya ta kawar da kai. Ba wannan jarrabawar ce ke damun ta ba.

Ta ce, "Abba, wacce na faɗi?"

Ya ce, "Ba ki faɗi ba, uwata. Ga shi, ke ce ta ɗaya."

"A'a, ta matar nan. A cikin arba'in ɗin, wacce na faɗi? Ka gaya mini in sake, sai a bar ni in dawo gida."

Hannunsa ya tafi aljihun gaba kamar yadda ya saba, ya taɓa jan biron, ya tsaya a nan. Matar da ke gefe ta ɗago kai tana jiran amsarsa, Ɗigo ma tana jira, a tsaye, hannu a baya.